Omron M3 A Gidan Mai Hawan Jini: Abin Da Take Iyawa Da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Na'urar da wannan sharhi ya shafa ita ce Omron M3, irin wadda ake naɗa maɗaurinta a damtse domin awon hawan jini, ƙirar kamfanin Omron mai hedkwata a birnin Kyoto na ƙasar Japan. Ana samun ta a manyan shagunan magani na cikin garin Kaduna, kuma a gidanmu mu biyu ne muke amfani da ita, ni da mahaifiyata, wadda ta jima tana shan maganin hawan jini. Hukuncina shi ne ta cancanci kuɗinta, amma ga gidan da zai yi awo bisa ƙa'ida, ya rubuta abin da ya gani, ya kuma kai wa likita rubutun. Gidan da zai saye ta domin a riƙa duba ta kowace safiya a yanke shawarar ko za a sha magani yau ko a bari, gara ya bar kuɗinsa a aljihu, domin a hannun irin wannan gida na'ura mai kyau ma tana iya zama hanyar cutar da kai.

Dalilin da zai sa magidanci ya yi tunanin ajiye irin wannan abu a ɗakinsa a fili yake. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya kimanin biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 ne ke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A nan gida, binciken REMAH da aka gudanar a shiyyoyin Najeriya shida, aka wallafa a 2020, ya gano cewa kusan kashi 38 cikin 100 na manya suna fama da shi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Zariya da Kano, domin sakamakonsa na 2018 ya nuna cewa kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki ana iya danganta su da hawan jini. Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ko Rigasa ko Kawo ya san yadda ake ba da labarin: mutum ya yi sallar isha'i lafiya lau, da asuba a tarar baki ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi ɗaguwa, sai a ce farat ɗaya abin ya zo, wasu ma su ce iska ce ta buge shi. Alhali jijiyoyin sun yi shekara da shekaru suna ɗaukar matsin da ya fi ƙarfinsu, ba ciwon kai, ba jiri, ba wata alama da za ta sa mutum ya nemi asibiti, kuma awo ne kaɗai ke iya tona wannan da wuri.

Su kansu likitoci sun daɗe kafin su fahimci haka. Lokacin da shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu a watan Afrilun 1945 sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, da yawa daga cikin likitocin zamanin suna ɗaukar hawan jini a matsayin abin da ke zuwa da tsufa, wanda bai kamata a tilasta masa sauka ba. Binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948, aka bi lafiyar mutum 5,209 na tsawon shekaru, yana cikin waɗanda suka rushe wannan fahimta, domin shi ya jera hawan jini da shan taba da yawan kitse a jini da ciwon suga a matsayin abubuwan da ke share wa ciwon zuciya hanya.

Idan aka buɗe kwalin, akwai na'urar kanta, da maɗauri mai tiyon roba, da jakar ajiya, da takardar bayani, kuma batura huɗu masu girman AA take ci. Fuskarta tana nuna lambobi uku manya-manya, waɗanda Hajiya ke karantawa ba tare da ta nemi tabarau ba: lambar sama, wato matsin jini a lokacin da zuciya ta matse ta tura shi, da lambar ƙasa, wato matsin da ya rage tsakanin bugu da bugu, sai kuma yawan bugun zuciya a minti ɗaya. Maɓalli ɗaya ake dannawa, ita ke hura maɗaurin, ita ke sace iskar, kuma kafin minti guda ta gama. Tana ajiye awon mutum biyu daban-daban, kowanne har guda 60, tana nuna alama idan an naɗa maɗaurin sako-sako, tana nuna wata idan mutum ya motsa, da wata kuma idan ta ji bugun zuciya ba ya tafiya daidai. Alamar naɗin maɗauri ita ce na fi yabawa a cikinsu, domin a nan ne mafi yawan masu awo a gida ke tafka kuskure ba su sani ba.

Ya kamata mai saye ya san yadda take samo lambobin nan, domin daga nan ne zai gane dalilin da ya sa ba kowace na'ura ake amincewa da ita ba. Tsohuwar hanyar asibiti, wadda ta samo asali daga maɗaurin da ɗan Italiya Riva-Rocci ya ƙirƙiro a 1896 da kuma sautin da likitan sojan Rasha Korotkoff ya bayyana a 1905, ita ce a hura maɗauri har jini ya tsaya a jijiyar hannu, sannan a riƙa sace iskar a hankali ana saurare da abin da likita ke sawa a kunne, ana kallon zaiba tana sauka a cikin gilashi. Inda aka fara jin bugu shi ne lambar sama, inda ya ɓace shi ne lambar ƙasa. Na'urar zamani ba ta sauraron komai. Girgizar da jijiya ke yi wa iskar cikin maɗauri take ji, sannan ta yi lissafi da wata dabara da kamfanin ya saka mata, ta fitar da lambobin biyu. Kowane kamfani da dabararsa, kuma ba a ganin ta da ido, saboda haka hanya ɗaya ta sanin ingancin na'ura ita ce masana masu zaman kansu su gwada ta a kan mutane da yawa, su kwatanta da awon ƙwararru. Omron M3 tana cikin waɗanda suka ci irin wannan jarrabawa, kuma akwai shafin intanet mai suna STRIDE BP da ke jera na'urorin da aka tantance, wanda kowa zai iya dubawa a wayarsa kafin ya biya kuɗi. Wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka wallafa a 2020, ya gano cewa a cikin na'urorin damtse da ake sayarwa ta intanet a can, waɗanda aka tantance ba su kai ɗaya cikin biyar ba, na wuyan hannu kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Na'urar da ba a tantance ba tamkar mudun da aka bubbuga gindinsa ne: a ido ya cika, amma mai saye ba ya da hanyar sanin abin da aka rage masa.

Akwai wata 'yar ƙaramar na'urar wuyan hannu marar sanannen suna da wani ɗan'uwa ya kawo wa Hajiya tsaraba. Kyakkyawa ce, tana ma magana da muryar mace, amma idan aka auna sau biyu a jere ba tare da an tashi daga wurin ba, lambobin sukan yi nisa da juna har mutum ya rasa wanne zai kama, kuma da an ɗan sauke hannun ƙasa da ƙirji sai awon ya haura. Araha dai ba ta ado. Agogon hannu da ke cewa suna awon hawan jini ba tare da wani maɗauri ba kuwa, ba na ba kowa shawarar ya jingina lafiyarsa da su.

Babban abin da ya sa na fifita M3 a kan ƙanwarta M2 Basic, wadda ta fi ta sauƙin kuɗi, shi ne girman maɗauri. Na M3 yana ɗaukar damtse mai kewayen santimita 22 zuwa 42, na M2 Basic kuwa a santimita 32 yake tsayawa, kuma iyayenmu mata da yawa, musamman masu jiki, damtsensu ya wuce haka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna a 2023 cewa idan aka auna mai damtse babba ƙwarai da maɗauri matsakaici, lambar sama tana iya ƙaruwa da kusan 20. Ke nan mutumin da jininsa ke daidai zai iya fita daga ɗakin awo da takardar magani saboda ƙyalle ya yi masa kaɗan, mai shan ƙwaya ɗaya kuma a ƙara masa ta biyu ba gaira ba dalili. Mai siririn damtse da aka auna da babban maɗauri shi kuma awonsa ƙasa zai yi, a ce masa lafiya lau alhali ba haka ba ne.

Wahalar awo a gidan Bahaushe ba daga na'urar take ba, daga zaman gidan take. Ƙa'ida ita ce mutum ya zauna a kujera mai majingina, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ya huta minti biyar, bai sha shayi ko kofi ba, bai ci goro ba, bai sha taba ba a cikin rabin awa da ta wuce, kuma ba ya jin fitsari. Ana naɗa maɗaurin a kan fata, santimita ɗaya zuwa biyu sama da gwiwar hannu, tiyon yana bin cikin hannu. Hajiya kuwa a kan darduma take zama bayan sallar asuba, ƙafa a tanƙwashe, hijabi har ƙasa. Da na ce, "Hajiya, ku ɗan dawo kan kujera ku jingina bayanku," sai ta dube ni ta ce, "To, ita na'urar taka a ƙasa ba ta gani ne?" Maslahar da muka samu ita ce ta riƙa ƙarasa laziminta a kan kujera, wanda hakan ya ba mu hutun minti biyar ba tare da an ce mata ta zauna jiran komai ba, sannan ta ajiye carbi, ta zare hannun riga, a danna. Naɗe hannun riga sama har ya shaƙe damtse shi ma yana ɓata awo, don haka riga mai faɗin hannu ta fi. Abin da ya fi wuya shi ne gaisuwa. Na'ura tana tsakiyar hurawa sai jika ya shigo ya durƙusa, "Hajiya, ina kwana," kuma ba a yi dattijuwar da za a gaishe ta ta yi shiru ba. Magana tana ɗaga awo, saboda haka sai da yaran gidan suka koyi tsayawa a bakin ƙofa har ƙugin na'urar ya ɗauke. Shi ma wurin ajiye hannu yana da tasiri, domin wani gwajin na Johns Hopkins a 2024 ya nuna cewa ɗora hannu a cinya yana ƙara wa lambar sama kusan 4, barin sa yana reto a gefe kuma fiye da 6.

Mutum zai iya cewa mene ne na sayen na'ura alhali kowane kyamis a unguwa yana awo da 'yan kuɗi kaɗan. Akwai masu yi da kyau, su ba ka kujera, su bari ka huce. Amma na tsaya a wani kyamis na ga wani dattijo ya sauko daga Keke Napep cikin ranar azahar, ya miƙa hannu a kan kanta yana tsaye, aka naɗa masa maɗauri a kan hannun kaftani, yana awon yana tambayar farashin maganin tari. Yaron shagon ya dubi lambar ya ce, "Baba, jininku ya hau sosai fa," ya juya ya ɗauko ƙwaya. Wataƙila Baba yana da hawan jini da gaske, wataƙila kuma rana ce da tsayuwa da magana. Awo ɗaya irin wannan ba ya isa a ɗora mutum a kan magani, ba ya kuma isa a sallame shi.

Darajar na'urar gida tana cikin awon mako guda. Tsarin da ƙungiyoyin likitocin hawan jini ke bayarwa shi ne a yi kwana bakwai ana awo safe da yamma, da safe kafin karin kumallo da shan magani, kowane zama a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, a jefar da na ranar farko, a haɗa sauran a fitar da matsakaici. A karon farko a auna hannu biyu, wanda ya fi yawa shi za a ci gaba da amfani da shi. Iyakar da ake dubawa a gida ita ce 135/85, ba 140/90 na asibiti ba, domin jinin mutum ya fi kwanciya a ɗakinsa, kuma M3 tana nuna gargaɗi idan awo ya kai wannan iyaka. Akwai mutanen da ganin likita kawai ke ɗaga musu jini, akwai kuma waɗanda a asibiti awonsu ke yin kyau, a gida ya haura, kuma waɗannan na biyu sun fi shiga haɗari saboda ba wanda ke zarginsu. Binciken da aka fara a garin Ohasama na Japan a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cewa awon gida ya fi na asibiti iya hasashen wanda zai gamu da matsala nan gaba. A Ingila kuma, gwajin TASMINH4 na 2018 ya nuna cewa marasa lafiyar da likitocinsu suka daidaita musu magani bisa awon gida, jininsu ya fi sauka bayan shekara guda. A lura da sharaɗin: likita ne ya ga lambobin ya yi aiki da su.

Shi ya sa, duk da ma'ajiyar na'urar, littafin rubutu na 'yan makaranta ya fi ta amfani a ranar ganin likita. Likitan da layin mutane ke jiransa a waje ba zai tsaya yana latsa maɓalli yana bin awo ɗaya bayan ɗaya ba, amma shafi guda mai kwanan wata da safe da yamma da matsakaici a ƙasa, kallo ɗaya zai yi masa. A wani zuwa da muka yi, awon da nas ta yi wa Hajiya bayan doguwar jira a benci ya haura 160, likita har ya ɗauki biro zai ƙara magani. Da ya duba littafin ya ga matsakaicin makon yana ƙasa da iyaka, sai ya sa ta huta, ya sake aunawa da kansa, ya ce, "Mama, ku ci gaba da wanda kuke sha, amma littafin nan kada ku zo ba shi." A wannan zaman ne kuma muka kwatanta na'urarmu da tasa a hannu ɗaya, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Inda nake jin tsoron na'urar shi ne hannun mai gaggawa. Na san masu cewa, "Yau na auna na ga 125, don haka na huta da ƙwaya," sun manta ƙwayar jiya ce ta kawo 125 ɗin. Na san kuma masu aunawa sau goma a yini, kowace lamba ta ƙara musu fargaba, fargabar ta ƙara ɗaga lambar. Jini yana hawa yana sauka a cikin yini bisa ɗabi'a, har yanayi yana taɓa shi, domin awon mutane yakan ɗan fi yawa a lokacin sanyi, abin da mai littafi zai iya lura da shi a tsakiyar hunturu. Wasu kuma da sun ga lamba mai kyau sai su maye gurbin magani da zoɓo ko tafarnuwa ko zogale. Gaskiya ne ƙananan bincike sun nuna zoɓo yana ɗan sauke jini, amma ba zoɓon biki mai sukari kamar zuma ba, kuma sauƙin da yake kawowa bai kai a ajiye magani dominsa ba. Zaɓen magani ilimi ne mai zaman kansa, har ma an yi bincikensa a kanmu: gwajin CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, ya gano cewa haɗin magani biyu da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide. Haka nan batun inda za a kai lambar. Gwajin SPRINT na Amurka a 2015, mai mutum 9,361, ya nuna cewa sauke lambar sama ƙasa da 120 maimakon 140 ya rage manyan matsalolin zuciya da jijiyoyi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma ya ƙara yawan masu faɗuwar jini da suma da matsalar ƙoda, kuma ba a saka masu ciwon suga a cikinsa ba. Wannan hukunci ne da likita zai yanke wa kowane mutum bisa shekarunsa da ƙodarsa, haka ma sauya lokacin shan magani a watan azumi.

Wani amfanin da ban yi tsammani ba shi ne yadda littafin ke kawo ƙarshen gardama a kan tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da na yajin tsire da kilishi da burodi da taliyar leda. Kanwa ma, da ake jefawa a miyar kuka da wake da kunu, tana ɗauke da sinadarin nan na sodiyam da ke cikin gishiri. Faɗa wa uwargida ta rage magi da baki ba ya zuwa ko'ina, amma idan ta ga shafin makon da aka rage kusa da na makon biki, ita da kanta za ta koma ga daddawa da albasa da citta. Haka kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda dattawa masu ciwon gwiwa ke saye a kyamis kamar gyaɗa, suna ɗaga jini suna kuma wahalar da ƙoda, kuma sau da yawa a littafin ake fara ganin sawunsu.

Dole a faɗi abin da na'urar ba ta iyawa. Ba ta gano toshewar jijiyar zuciya. Mutumin da ya ji nauyi ya danne masa ƙirji, gumi na keto masa, ciwon yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, awonsa zai iya fitowa daidai, kuma tsayawa neman batir a wannan lokaci ɓata lokaci ne. Haka wanda bakinsa ya karkace ko maganarsa ta sarƙe ko hannu ya saki. Waɗannan, da wanda awonsa ya kai 180/120 tare da ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani ko sarƙewar numfashi, sashen gaggawa za a nufa da su kai tsaye, ko Barau Dikko, ko Asibitin 44, ko duk babban asibitin da ya fi kusa. Alamar bugun da ba daidai ba ita ma ishara ce kawai. Idan tana yawan fitowa sai a je a yi gwajin ECG, wato gwajin asibiti da ke zana yadda zuciya ke bugawa, domin akwai nau'in rikicewar bugu da ke tara gudan jini a zuciya ya tura shi ƙwaƙwalwa, kuma a irin wannan hali lambobin na'urar kansu ba su cika zama daidai ba.

Mata masu ciki da masu jego suna da nasu bayanin, kuma a nan jiharmu tana da tarihi a binciken zuciya na duniya. A shekarun 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazari a Zariya a kan gazawar zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka tarar yawanta a wannan yanki ya kai kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, suka kuma zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Wani bincike na daga baya da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan bai tabbatar da laifin waɗannan al'adu ba, ya fi nuna rama da talauci da hawan jinin ciki, kuma wani aikin nasa ya gano ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu cutar. Abin da ya shafi mai na'ura shi ne, maijegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi ke gagarar ta idan ta kwanta, tari ke tashin ta da dare, tana iya samun awo mai kyau alhali zuciyarta ta gaji. Mai ciki kuwa, awon gida zai iya taimaka mata ta gano hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga, amma ba kowace na'ura aka tantance wa masu ciki ba, don haka ta nuna wa ma'aikatan awon ciki wadda take da ita, kuma kada ta fasa zuwa awo saboda tana da ita.

Sauran abubuwan lura ƙanana ne. Abin jona ta da wutar lantarki daban ake sayar da shi, wanda a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ba wata asara ba ce, sai dai a sayi batura masu kyau, a kuma cire su idan za a daɗe ba a yi awo ba, don kada su zubar da ruwa a ciki. Bayan sauya batir sai an sake saita kwanan wata da lokaci. Takardar bayanin ba ta da Hausa, saboda haka dattijon da ba ya karanta Turanci yana buƙatar wanda zai zauna da shi a karon farko. An ƙayyade mata aiki tsakanin digiri 10 zuwa 40 na zafi, ke nan barin ta a cikin mota a watan Maris ko Afrilu ba dabara ba ce, kuma jakarta ita ce kariyarta daga ƙurar hunturu. Da zarar maƙwabta sun ji akwai ta za su riƙa shigowa, abu ne mai kyau, amma a yi amfani da tsarin baƙo da takardar ta bayyana, don kada awon wani ya shiga ma'ajiyar mai gida ya ɓata lissafi.

Farashinta yana tafiya da dala, kuma yana bambanta daga shago zuwa shago, har ya kamata a zaga kafin a biya. Idan aka ga ta yi arahar da ba ta dace ba, a yi hattara, domin sanannen suna shi ake yi wa jabu, kuma shagon magani mai rajista wanda zai ba da rasit da takardar garanti ya fi teburin bakin titi. Kafin a fita daga gida a ɗauki tef ɗin tela a auna kewayen damtse a tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Wanda nasa bai wuce santimita 32 ba, kuma shi kaɗai zai yi amfani da ita, M2 Basic za ta wadatar da shi, ya sa rarar kuɗin a maganin wata mai zuwa. Wanda nasa ya wuce 42 sai ya nemi babban maɗauri da ya dace da na'urarsa tun a shagon. Kowacce aka saya, a riƙa tafiya da ita asibiti akalla sau ɗaya a shekara a kwatanta ta da ta likita, a kuma duba tiyon da maɗaurin ko sun fara tsagewa, domin iskar da ke zurarewa tana ɓata awo tun kafin na'urar ta nuna wata alama.